Rufin Motar Yaya

Shekara goma sha tara babbar motar Yayana tana ajiye a bayan gidanmu, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. A cikinta ya rasu. Ta wuntsila da shi a gangara, kansa ya daki rufin daga ciki har ƙarfen ya yi ƙullutu ta waje, kamar an kifa 'yar tasa. Tun ranar ban sake riƙe sitiyari ba.

Da ɗana Dogo ya girma ya iya tuƙi, sai ya ce shi zai tashe ta ya riƙa dakon kaya. Na hana, na hana, har uwarsa ta ce, "Malam, so kake ya tsufa a motar mutane?" Aka ja ta zuwa garejin wani mai walda da ake kira Tartsatsi.

Injin bai ba su wahala ba. Jikin ne tsatsa ta cinye. Kullum bayan azahar nakan rufe shago in je in tsaya a kansu.

"Baban Dogo, matsa kada ka makance," in ji Tartsatsi. "Ka ga fallen ƙarfen nan? Bai fi kaurin farce ba. Ka daɗe wuri guda, ya huje. Ka ja dogon layi, ya murɗe. Sai dai ka ɗiga nan, ka tsallaka can ka ɗiga, ka danna jiƙaƙƙen tsumma. Lallaɓa shi ake yi kamar suruka."

Haka ya yi ƙofofi da ƙasan motar, sumul. Dogo ya shiga ya zauna, gwiwarsa ta daki sitiyari. "Ashe Baffa gajere ne haka!" Ya tura kujerar baya har ƙarshe.

Ranar aka yanke rufin wajen direba, aka jingine tsohon a bango, aka ɗora sabon falle. Na shafa shi da hannuna, a miƙe yake. Washegari muka tarar da ƙullutu a kai.

"Zafi ne," in ji Tartsatsi. "Na yi gaggawa jiya."

Na je wajen tsohon rufin na auna daga bakin gilashi zuwa ƙullutun Yaya: taƙi biyu. Na taka taya na auna sabon: taƙi uku. Da Dogo ya zauna a kujerar na leƙa ta taga, ramin na nan daidai tsakiyar kansa.

Aka yanke, aka sake. Wannan karon a gabana. Tartsatsi ya ɗiga, ya jira, ya taɓa da bayan hannu kafin ya ƙara. Aikin awa ɗaya ya kai mu la'asar. Ƙarfen ya huce sarai, muna zaune kan benci muna shan ruwa, rana fes, babu kowa kusa da motar, sai muka ji ƙwas!

Taƙi uku.

Tartsatsi ya daɗe yana kallon wurin. "Shekara talatin ina walda," ya ce a hankali, "ƙarfe mai sanyi ba ya motsi."

Dogo ya kwashe da dariya. "Oga, ku bar shi mana. Ya ma yi wa kaina wuri."

Na ajiye ruwan da nake sha a kan benci.

Da safe na aiki Dogo can ƙarshen gari neman robar gilashi. Yana fita na tafi garejin, na ce wa Tartsatsi ya sake yankewa. Bai yi musu ba. Da ya ɗora sabon fallen, na shiga na zauna, na jawo kujerar gaba daidai ƙafafuna, na lulluɓa jiƙaƙƙen buhu a ka.

"Haba Baban Dogo! A kanka zan yi walda?"

"Yi aikinka."

Ina jin ƙarar kowane ɗigo a saman kaina, ƙauri ya cika motar. Wani tartsatsi ya faɗo mini a wuya, ban motsa ba. Ya gama, ya sauko, ni kuwa na ci gaba da zama, hannuna biyu a kan sitiyari, har gumin jikina ya bushe. Can na ji ƙwas, har hulata ta motsa.

Ya hau ya auna da kansa. "Biyu da rabi," ya ce, bai kalle ni ba.

"To, saura abu ɗaya," na ce. "Liƙe mini ƙafar kujerar nan a inda take. Da kauri, yadda guduma ba za ta ɓalle ta ba."

Dogo ya dawo da robar a kafaɗa. Ya cusa ƙafa ɗaya, gwiwa ta ƙi shiga. Ya ja kujerar, ya jijjiga, ya leƙa ƙasa ya ga waldar.

"Wane ne ya yi wannan?"

"Ni na sa."

"To Baba, wa zai tuƙa ta?"

"Ni. Kai ka nemo mana kaya, ka tsaya a kan lodi. Amma ba za ka bi ni hanya ba."

"Kai da rabonka da mota tun ina goye?"

"Hannu zai tuna," na ce. "Miƙo makullin."