Wa Ya Taɓa Min Rediyo

Ina cikin takabar Malam aka saki wasan Zulkiflu, autana. Barkwanci yake yi, ya tsaya gaban jama'a yana zuba ana dariya, wai sana'a ce. Wannan karon a wani ƙaton ɗakin taro na Abuja aka ɗauka, aka sa a intanet.

Tun kafin ya tafi na ji ƙishin-ƙishin zai kwaikwayi mahaifinsa. Na ce masa, "In ka mai da Malam abin dariya, kada ka ƙara taka min tsakar gida." Ya ce, "Inna, ki dai kalla."

Ƙanwata Hajo ta zo daga Gyallesu bayan la'asar da babbar wayarta, ta jingina ta da kwanon sha. Tana kunnawa na ga maza maƙil har sama, duk sun zuba mana ido. Na zabura na ja hijabi.

"Yaya, ba sa ganinki fa."

"To wa suke kallo? Takaba nake. Juya su bango."

Ta juya wayar tana ƙunƙuni. Muka zauna muna kallon ƙeyar waya.

Zulkiflu ya yi ta zancen 'yan acaɓar unguwar Kwangila, ko murmushi ban yi ba.  Can sai na ji gyaran murya, irin wanda Malam yake yi a zaure in ya dawo daga shagon ɗinki, har da ɗan tarin ƙarshe. Sai kuma muryarsa sak: "Wa ya taɓa min rediyo?"

Ban san na miƙe ba. Na ce, "Ba ni ba ce, Malam, kaza ce."

Ban rufe baki ba Zulkiflu ya sirantar da murya a waya: "Ba ni ba ce, Malam, kaza ce!" Ɗakin ya ɗauki ihu. Ya jira suka lafa, ya ce, "Jama'a, gidanmu ba a taɓa kiwon kaza ba. Baba sai ya ce, to a gaishe ta."

Hajo ta kife kan tabarma. Ni ma dariyar ta ƙwace min, daga nan ta koma kuka, ban hana ta ba. Ashe ni ya ɗauka, Malam kuwa ya bar shi da girmansa.

Na share ido na ce, "Hajo, kira ɗan banzan nan ya zo gida. Amma tukuna mai da wasan baya, wurin tarin."