Jinin da Baffa Ke Taƙama da Shi

Tana cikin sanya safar hannu masinja ya leƙo ya ce wani dattijo na son ganinta, wai baffanta ne.

"Ya jira," Dakta ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Kundi biyu ne buɗe a kan teburinta, a ɗakin adana tsofaffin rubuce-rubuce na jami'a. Na dama, na fata, shi ne salsalar wani sarki da ya yi zamani fiye da shekara dubu da ta wuce. Na hagu kuwa na gidansu ne, wanda tana yarinya ba a yarda ko inuwarta ta faɗa kansa ba. Gidaje biyu, nasu da wani, ke jayayya a kan kujerar mai kula da kushewar sarkin, kowanne na cewa shi ne jininsa, shi ya sa gwamnati ta kafa kwamiti, kwamitin kuma ya turo mata kundayen ta tantance.

Ta sake ɗora madubin ƙara girma a kan layin da ta riga ta haddace. Kundin fata ya ce ɗan sarki tilo ya rasu tun bai yi kaciya ba, 'ya mace ce kaɗai ta bar baya. A kundin gidansu kuwa, wannan yaron har an ba shi ɗa, an matse sunan a tsakanin layi biyu da tawadar da ko tsufa ba ta gama yi ba. Daga wannan sunan duk gidansu ya rataya.

Sai da ta ga dama ta ce a shigo da shi.

Baffa ya tsufa, amma girman kan na nan. Ya dubi kujera, ya ga ba a ce ya zauna ba, ya zauna.

"'Yata, ashe ke Allah ya ɗora a kan wannan aiki. Da na ji, na ce to, faɗuwa ta zo daidai da zama. Naka sai naka."

"Yau ni ce 'yarka, Baffa?"

"Haba, abin da ya wuce ai ya wuce. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Ta kalli hannun nasa da ke kan sanda. Da shi ya nuna musu ƙofa bayan rasuwar mahaifinta, ko takaba Inna ba ta gama ba. A gaban 'yan gaisuwa ya ce jinin sarauta ba ya zama gida ɗaya da 'yar mahauci. Dakta ce ta ɗauko tabarmarsu a ka, Inna na gaba da ƙullin kaya, har bakin titi ba ta waiwaya ba.

"Kwamiti zai zauna da la'asar," ta ce. "Abin da na gani shi zan faɗa."

"Me kika gani?"

"Ka zo da wuri, ka samu kujerar gaba."

Ya zo da wurin kuwa, da 'ya'yansa da surukai, har da mai ɗaukar hoto. Zauren ya cika. Dakta ta haska shafin a bango, ta ƙara girmansa har sunan ya kai tsawon mutum. Tana iya cewa kuskuren mai kwafi ne, a tashi kowa da mutuncinsa. Ba ta ce ba. Ta nuna yadda alƙalamin ya bambanta, ta nuna inda aka kankare takardar, ta yi bayani dalla-dalla kamar mai koyar da 'yan aji ɗaya.

Shugaban kwamiti ya gyara tabarau. "Dakta, a taƙaice, wannan gida jinin sarkin ne ko a'a?"

"Ranka ya daɗe, yaron da ya mutu ko kaciya ba a yi masa ba, ba ya haihuwa. Da'awar ɗaya gidan, ta wajen 'ya mace, ba ta saɓa wa tsohon kundi ba. Wannan kuwa cushe ne."

Wani daga baya ya ce, "Ashe rawanin aro ne!" Dariya ta ɓarke.

Baffa ya miƙe tsaye. "Ke! Asalin ubanki kika tona! Kin san ke ma kin tashi a tutar babu?"

"Ni ai tuntuni ka sallame ni, Baffa. 'Yar mahauta ce ni. Namu asalin ba a kankare takarda ba kafin a rubuta shi."

Ya nemi sandarsa, babban ɗansa ya kama shi suka fita ta ƙofar gefe. Mai hoton ya rasa wanda zai bi.

A motar haya zuwa gida ne murnar ta fara sanyi. Inna ta sha gaya mata tana ƙarama, duk ranar da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, cewa ta riƙe kanta, ita jikar sarki ce. Da wannan maganar ta rene ta. Yanzu ga shi ta je ta rushe ta da bakinta.

Ta tarar da ita a tsakar gida tana tsince ƙazanta daga cikin hatsi a faifai. Ta durƙusa ta faɗa mata komai, ba ta rage ba.

Inna ta tsince wani ɗan tsakuwa daga cikin hatsin ta yar.

"Wato mahaifinki ma ba jinin kowa ba ne."

"Haka ne, Inna."

"Allah ya jiƙansa. Shi dai ya yarda da abin har ya koma ga Mahaliccinsa."

Ta ajiye faifan a gefe, ta kakkaɓe zaninta, ta jawo 'yar kujera ta tura wa 'yarta.

"Zauna sosai. Kin yi mini sauri ɗazu. Koma daga inda baffan naki ya tashi yana neman sandarsa, ki faɗa mini a hankali."