Muryar Baba a Faifai na Bakwai

Shekara goma sha tara ke nan Farfesa yana gab da kammala littafin tarihin Baba. Ba farfesa ba ne, malamin sakandare ne da ya yi ritaya. Ƙannensa ne suka laƙa masa sunan tun yana saurayi don tsiya, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, a zatonsa girmamawa ce. Shi ne babba a ɗakinsu, Auta ce ta ƙarshe, kuma ita yanzu shekarunta arba'in da uku, sakatariya ce a wani kamfanin buga takardu, amma a wurinsa har gobe yarinya ce da ba ta iya riƙe kofin tangaram ba.

Duk gardamar da ta tashi a gidan, da magana ɗaya Farfesa ke kashe ta: yana kan faifai. A wane gari Baba ya koyi gyaran keken ɗinki? Yana kan faifai. Wa ya fi gado halin Baba a cikin 'ya'yansa? Wannan ma yana kan faifai, kuma don kawaici ne ya sa bai faɗi amsar ba. Faya-fayan guda bakwai ne, ya ɗauki hirar 'yan watanni kafin rasuwar Baba da wata 'yar na'ura mai suna minidis, wadda ya saya lokacin da ake yayinta. Tun daga ranar babu kunnen da ya taɓa jin abin da ke ciki, har da nasa.

Abin da ya tayar da maganar, Mama ce. Wata ranar Asabar Auta na yanke mata farce, sai ta ce tana ganin fuskar mijinta sarai in ta rufe ido, har tafiyarsa tana gani, amma muryar ta ɓace mata. Ta yi ta laluben ta a ranta, ta kasa kamowa. Ba da kuka ta faɗa ba, kamar dai mai cigiyar murfin tukunya.

Washegari Auta ta tafi gidan Farfesa. Sai da ta sha laccar awa ɗaya a kan muhimmancin adana tarihi da sakacin 'yan zamani, sannan aka shiga neman tarihin da aka adana. A ƙarshe matarsa ce ta zaro shi daga ƙarƙashin gado, cikin kwalin takalmi, tare da mataccen kyankyaso da tsofaffin takardun jarrabawar ɗalibai da ba a taɓa ba su maki ba. Na'urar ba ta fi sabulun wanka girma ba. Faya-fayan ƙanana ne, kowanne a cikin gidansa na roba mai kusurwa huɗu, kuma a jikin kowanne ya rubuta sunansa da manyan baƙaƙe, na Baba a ƙasa da ƙanana. Ya miƙa mata kwalin ya ce ta kwafe su a kwamfuta zuwa gobe, aikin minti biyar ne, shi ma rashin lokaci ne ya hana shi.

Da ta buɗe gidan batirin, sai ta tarar ya kumbura ya yi fari kamar an barbaɗa masa gishiri. Ta kai wa wani mai gyaran rediyo da ke da ɗan shago a ƙarƙashin matakalar wani bene, inda mutum ɗaya ne ke iya tsayuwa, shi ma a karkace. Dattijon ya juya na'urar a hannu, ya tambaye ta daga wane gidan ajiye kayan tarihi ta sato. Amma ta ga yadda yake shafa ta da babban yatsa, kamar wanda ya gamu da abokin makaranta. Ya kankare farin da tsohon buroshin haƙori, ya tono wani ɗan akwati daga cikin tarkacensa wanda ake ɗaura wa na'urar a gefe ta yi aiki da ƙaramin batirin tocila. Fuskar na'urar ta kawo haske.

Sai ya yi mata bayanin da ya kashe mata jiki. Wannan samfurin ba ya kwafa. Ba ruwansa da kwamfuta, bai ma san an ƙirƙiro ta ba. Sai dai a haɗa waya daga ramin iyafis zuwa ramin makirufo, na'ura ta yi ta magana, kwamfuta ta yi ta saurare tana naɗa.

"In faifan minti saba'in da huɗu ne, Hajiya, minti saba'in da huɗu za ki zauna," in ji shi. "Ba gajeriyar hanya. Allah ya sa dai mai maganar yana da daɗin hira."

Ya ba ta waya mai kai biyu iri ɗaya, da wani ɗan mahaɗi da ake sokewa a gefen kwamfuta, tunda tata rami ɗaya ke gare ta. Ya ja mata kunne kada ta ƙure sautin.

Asabar ta zagayo, ta baje kayan a teburin cin abinci. Karon farko ta ƙure sautin, abin da ya fito kamar ana yaga atamfa. Karo na biyu komai na tafiya daidai, ta tashi ta shanya wanki, kafin ta dawo kwamfutar ta yi barcinta. Daga baya Auta ta daina ganin laifin kwamfutar.

Domin a karo na uku ne ta zauna ta saurara. Faifai na ɗaya ya buɗe da gyaran muryar Farfesa, sannan gabatarwa. Ya gabatar da kansa, da makarantun da ya yi, da wadda ya so yi aka yi masa ƙafar ungulu, da dalilin da ya sa al'ummar da ba ta san jiyanta ba ba za ta san gobenta ba. Minti ashirin da shida. Sannan ya yi tambaya ta farko, wadda ta ci minti huɗu, kuma kafin ya kai ƙarshenta ya riga ya amsa ta da kansa. Can nesa, kamar daga cikin rijiya, wata siririyar murya ta ce, "To."

Auta ta tsayar, ta mayar baya, ta sake ji. Baba ne. Ta bar hannunta a kan na'urar. Sai daga baya ta tuna tsayarwar da ta yi ta ɓata naɗin, dole ta koma farko ta sake shan gabatarwar.

A fuskar kwamfuta sautin na fitowa ne kamar zane. Muryar Farfesa tsaunuka ce manya-manya, baƙi ƙirin, jere da juna ba ko ƙofar shan iska. Ta Baba kuwa ɗan zare ne a tsakaninsu, sai an matso da ido. Ba ta sha wahalar gane dalili ba, don tana jin ƙarar gogar yadi duk lokacin da Farfesa ya motsa. A wuyan rigarsa ya maƙala makirufon.

Asabar shida ta yi a haka. Ta ajiye takarda a gefe tana rubuta duk abin da Baba ya faɗa, kuma shafi ɗaya bai cika ba. "To." "Haka ne." "Ai kai ka sani." Sau ɗaya ya fara ba da labarin ubangidansa da ya koya masa aiki, mutumin da ke gane ciwon keke daga jin ƙararsa kawai, Farfesa ya tare shi da cewa wannan ya tuna masa da wata muƙala da ya taɓa rubutawa. Jimla mafi tsawo da Baba ya samu ya kai ƙarshenta a faifai na huɗu take, inda ya ce wa marubucin tarihinsa ya ɗaga ƙafa ya taka masa sukudireba.

Mama na tambaya duk mako, Auta na cewa aiki na tafiya. Ta rasa yadda za ta ce mata ta samo mata mijinta, amma ɗanta na zaune a kansa. Ta fara tunanin yanko 'yan kalmomin ta haɗa su wuri ɗaya, sai ta lissafa ta ga duka-duka ba su kai minti uku ba, kuma rabinsu "to" ne.

Ranar faifai na bakwai Farfesa ya ce lallai da shi za a yi, don akwai wuraren da ke buƙatar ƙarin bayani. Aka yi a falon Mama da hantsi. Auta ta haɗa ƙaramar lasifika, Mama ta zauna a kujerarta da carbi a hannu, Farfesa ya harɗe ƙafa ya lumshe ido. Muryarsa ta cika ɗakin, shi kuma yana gyaɗa kai yana yarda da kansa a kowace gaɓa.

A minti na goma sha biyu aka ji bugun ƙofa a cikin faifan, wani na cewa mai mota ya zo ya gyara, ya tare hanya. Aka ji tsakin Farfesa, sai ƙarar cire makirufo da ajiye shi a kan katako, sai takun takalmi yana nisa. Ya manta bai kashe ba.

Shiru ya ɗan yi tsawo. Sai ƙarar juya ƙafar keke a hankali, cak, cak, cak, da ɗigar mai daga 'yar butar ƙarfe. Sai numfashin Baba, kusa ƙwarai, kamar yana zaune a gefen kujerar. Sai muryar Mama, ta shekara goma sha tara da suka wuce, tana tambaya ko an gama tarihin ne. Baba ya ce an tafi hutun rabin lokaci. Ta ce ita ta gaji da jiyo surutun daga kicin, ya kamata ya ce wa yaron nan ya bar shi ya yi magana.

"Ƙyale shi," in ji Baba, muryarsa fes. "Kin manta sai da ya shekara huɗu bai ce ko Baba ba? Asibiti nawa muka je? Ni na yi ta roƙon Allah ya buɗe masa baki. Laifina ne, na manta ban roƙa masa wurin tsayawa ba."

Aka ji su biyun suna dariya, tasa har da tari. Sannan ya ce shi yana jin daɗin abin, in yaron na magana sai ya riƙa tuna lokacin da suke tafa hannu a bayan kunnensa su ga ko zai waiwayo. Daga nan hirar ta gangara kan wasu abubuwa. Ya ce ta daina ɗaukar masa almakashi. Ta ce almakashin nata ne tun na aure. Ya ba ta labarin wata mata da ta kawo keke ta ce aljanu ne ke tsinka mata zare, ashe allurar ta saka a baibai. Ya tambaya ko Auta ta dawo daga jami'a, ya ce a ajiye mata nata abincin kada a cinye. Minti tara da 'yan daƙiƙu, sannan takun takalmi ya dawo, tsaunuka suka ci gaba.

Auta ba ta iya kallon kowa ba, ta kafa ido a kan kwamfuta kamar akwai abin gyarawa. Carbin Mama ya tsaya a hannunta. Farfesa ya sauke ƙafarsa, ya cire tabarau ya yi ta goge shi da bakin riga. Ba wanda ya taɓa gaya masa ya yi jinkirin magana. Ya tambayi Mama ko gaskiya ne, da wata ƙaramar murya da Auta ba ta san yana da ita ba. Mama ta ce gaskiya ne, har likita ya ce su haƙura, Baba ne ya ƙi, ya riƙa zaunar da shi a shago yana kiran masa sunan kowane ƙarfe ɗaya bayan ɗaya.

Farfesa ya yi shiru na kusan minti guda, abin da Auta ta tabbata da Baba na nan da ya sa an kira likita. Sannan ya mayar da tabaransa, ya gyara murya, ya bayyana musu cewa barin na'ura a kunne wata dabara ce da masana tarihi ke amfani da ita don mutum ya saki jiki, kuma ya ji daɗi da dabarar tasa ta yi aiki. Mama ta ce Allah ya ƙara basira.

Auta ta yanko minti taran nan ta saka wa Mama a waya, ta nuna mata inda za ta danna. Sauran awa takwas da ɗoriya ta zuba wa Farfesa a filas ɗin kwamfuta, cif, ba ta rage ko gyaran murya ɗaya ba, tunda hakkinsa ne. Ta tura gajeren a guruf ɗin 'yan uwa, kafin la'asar kowa ya ji, wata yayar Auta da ke aure a nesa ta kira tana kuka tana dariya. Farfesa ya biyo baya da saƙon murya na minti goma sha takwas don ya sa abin a mahallinsa. Wayar ta nuna mutum biyu sun buɗe, ɗaya daga ciki shi ne.

Mama ta saurari nata sau huɗu a jere, wayar manne da kunne duk da lasifikar a buɗe take. Da ta gama ta ce muryar tasa ce, babu ko tantama, amma ita ba ta yarda haka take magana da tsiwa ba, lallai na'urar ce ta ƙara mata. Sannan ta ce wa Auta ta leƙa kicin ta sauke tukunya, ita kuwa ta sake dannawa.