Shafi Biyu a Shagon Nagoda

"Gani ya kori ji," in ji Alhaji Nagoda. Ya kama maus ɗin kwamfuta ya danna, intanet ta buɗe, shafi biyu iri ɗaya sak, wani bisa wani.

Sati uku ke nan haka take yi masa kowace safiya, tun da aka sake wa kwamfutar manhaja. Shagonsa na cike fom da buga takardu ne a Tudun Wada. Shi bai iya cike komai ba, buɗe shago da kunna inji ne nasa, kuma bai taɓa ba wa kowa makulli ba. Aikin duk na Christabel ne, shekara shida tana yi.

Wani maƙwabcinsa mai sayar da taya ne ya warware masa: shafi na biyun na 'yan damfara ne, ta nan suke leƙen bayanan mutane, kuma sai da ɗan gari akan ci gari. Lambar sirri Christabel kaɗai ta sani. Don haka jiya ya ce mata yau ta tattara nata ya nata. Ta zo da jaka, tana tsaye bakin ƙofa. Ya kira Sharfaddeen mai gyara daga Kwangila don a yi komai gaban shaida.

Sharfaddeen ya rufe shafukan ya buɗe. Guda ɗaya.

"Tsoronka take ji," in ji Nagoda. "Haka mota take yi gaban bakanike."

"'Yar'uwa, zo ki buɗe," in ji Sharfaddeen.

Christabel ta ajiye jaka ta taɓa. Guda ɗaya.

"Ita ai dole. Ta san mutanenta."

"To Alhaji, sake mu gani. A hankali."

Nagoda bai san a hankali ba. Ya ɗora yatsa, ƙwas-ƙwas. Shafi biyu.

Sharfaddeen ya sosa ƙeya. "Alhaji, a da alamar intanet tana tsakiyar allo, can sau biyu ake dannawa. Yanzu an mayar da ita ƙasa. Ta ƙasa sau ɗaya take so. Ka ƙwanƙwasa sau biyu, ta amsa sau biyu."

"Wa ya ce?"

"Haka aka yi ta."

Nagoda ya gwada sau ɗaya, da kyar, kamar mai taɓa wuta. Guda ɗaya. Ya daɗe yana kallon allon, ko na biyun zai biyo baya. Bai zo ba.

Ya juya. "Ke kin san haka?"

"Na sani, Baba."

"Shi ne kika yi shiru?"

"Sau uku ina farawa. Ka ce kai ka sayi injin da kuɗinka."

Ya tuna ya faɗi hakan. Sharfaddeen ya duƙa yana ɗaure takalmin da ba shi da igiya. A waje mutum biyu na jira da takardun makaranta, mai taya kuma ya leƙo ya ga yadda za a ƙare.

Nagoda ya zura hannu aljihu ya ciro makullan, ya ajiye kusa da maus.

"Daga gobe ke za ki riƙa buɗewa. Ni hannuna nauyi gare shi." Ya nuna jakar da haɓa. "Kuma ki ɗauke wannan daga hanya, mutane na son wucewa."