Gashin Ramlatu a Cikin Ambulan

Da a ce wani ya gaya wa Nu'uman cewa wata rana zai nemi abincinsa da tsintar kashin biri a ƙasar Makka, da ya yi dariya har ya riƙe ciki. To ga shi nan dai, shekara biyu da rabi ke nan, kullum da safe yana kan duwatsun hanyar Ɗa'if da safar hannu da 'yar leda.

A takarda direba ne. Daktora Rumasa'u yake tuƙawa, malamar jami'a, jikar Hausawan da suka zo ta Sudan. A unguwar Utaibiyya ta Makka aka haife ta, Hausarta rabi Larabci ce. Da ta ji ya taɓa aikin gadin namun daji a Bauchi, sai ta ce ai ta tsinci dami a kala, ta fito da shi daga mota ta hau da shi dutse.

Aikinta shi ne auna damuwar birai ba tare da ta taɓa su ba. Ta ce in ka kama dabba don ka ɗebi jininta, kamun ma ya isa ya tayar mata da hankali, awon ya lalace. Saboda haka abin da biri ya bari a bayansa ake bi. Kashi yana nuna halin da ya shiga jiya. Gashi kuwa yana riƙe da na watanni, don akwai wani sinadari da jiki ke fitarwa lokacin damuwa, shi yake taruwa a ciki. A ƙasar sanyi ta koyo dabarar, inda ake ɗaura waya mai ƙaya a jikin bishiya, beyar, wani ƙaton naman dajinsu mai gashi, ya zo ya sosa bayansa ya bar musu gashi.

"Biri ba zai ce maka lafiya lau ba, ya Ammi," in ji ta, don haka take kiransa da Larabci, wato baffa. "Gashinsa kawai za ka tambaya."

Maganar nan ta zauna wa Nu'uman a zuciya, domin shi yana da mai ce masa lafiya lau. Matarsa Ramlatu, da ya baro a Bauchi da yara uku, ba ta da wata amsa sai ita. Rufin ɗaki ya yaye da damina, lafiya lau. Autarsu ta kwana huɗu a asibiti, sai a bakin maƙwabci ya ji. Takardar zamansa ba ta ba shi damar kawo iyali ba, kuma kewarta tana cin sa. Abin da ya fi cin sa shi ne bai san nauyin da take ɗauke da shi ba.

A shekarar 2016 Allah ya kawo Ramlatu Umara tare da yayanta, kwana goma. Ta rame. Ya tambaya a mota, ya tambaya a Harami, ta ce gajiyar jirgi ce. Da ta gama safa da marwa suka koma masauki a Aziziyya, ta zame ɗankwali ta miƙa masa almakashi ya yi mata saisaye. Ya bi ƙarshen kitsonta ɗaya bayan ɗaya yana yanke gwargwadon gaɓar yatsa.

"Malam, a hankali mana, kada ka mayar da ni ƙwaryar molo," ta ce tana dariya.

Bai zubar da gashin ba. Da ta juya, ya zura shi cikin ambulan ɗin aiki, irin wanda suke sa na birai.

Kwana biyu da tashin jirginsu ya samu Daktora a bakin mota, ya miƙa mata ambulan ɗin. Kunya ta sa ya yi ta kame-kame kafin ya faɗi na waye da abin da yake so.

Ba ta yi masa dariya ba. Ta ce mutum ba biri ba ne, sai da izininsa ake auna shi. Sannan ta leƙa cikin ambulan ɗin ta tambaya, "Daga ina ka yanka?"

"Daga ƙarshe mana. Ai daga nan ake saisaye."

"In an tsefe, ina yake kai mata?"

Ya sunkuyar da kai, ya nuna kafaɗarsa.

"Ya Ammi, malesh, ka yi haƙuri," ta ce a hankali. "Gashi daga tushe yake fitowa. Na kusa da fata shi ne sabo. A wata ɗaya bai fi faɗin farce yake ƙaruwa ba, ya'ani wannan da ka kawo ya kai shekara uku. Ko na auna, ba zai ce komai a kan bayan tafiyarka ba. Kana gida ya fito."

Nu'uman ya karɓi ambulan ɗinsa. Shekara uku baya, shi ne mai kawo mata man kitso daga kasuwa ranar Juma'a. Ashe ɗan abin da ya rage a kanta na zamansu tare ne ya bi ya yanke da hannunsa. Wanda ya fito a cikin rashinsa kuwa ya koma Bauchi a ƙarƙashin ɗankwali. Ya zura ambulan ɗin a aljihu.

Ranar bai tsinci komai ba. Ya zauna a kan dutse yana kallon wata birinya tana tsefe wa namijinta baya, har wayarsa ta yi ƙara. Ramlatu ce, ta kira ta ce yara sun gode da dabino.

"Malam, na ji muryarka wani iri. Yaya kake?"

Ya ɗora hannu a kan aljihun da ambulan ɗin yake ciki.

"Lafiya lau," ya ce.