Ta Ƙarshe da Ta Riƙe Koriyar Ɗamara

Mata goma sha ɗaya ne suka riƙe Koriyar Ɗamara, kambun ƙungiyarmu ta kokawar mata ta Hokushin da ke Morioka a ƙasar Japan, kuma ni ce ta ƙarshensu. Sunana Fumie Kuroiwa.

A 1987 aka ƙera ta, zamanin da 'yan mata 'yan makaranta ke cika zaure suna kuka in an kayar da gwanarsu. Tomoe Hirasaka ce ta fara ɗaura ta, ta riƙe shekara uku, ta yi aure ta tafi. Ta biyun ƙugunta ya karye. Ta biyar ta yi fushi ta gudu da ita Osaka, sai da Shugaba Onodera, mai ƙungiyar, ya bi ta ya yi ta lallashi. Kowacce an zana sunanta a ɗan faifan ƙarfe a gefen ɗamarar. Da ta zo hannuna a 2001, zauren da ke cin mutum dubu uku da ƙyar muke tara ɗari huɗu, mu kuma muke jera kujerun da kanmu.

Duk begenmu yana kan Chizuru Nakazato, 'yar manoman tuffa daga Tono, mai shekara ashirin da biyu. Ni na horar da ita. Tana da sauri, tana da kyau, ga baki. In na ce ta yi tsallen kwaɗo ɗari biyar sai ta ce, "Yaya Fumie, ke nawa kika yi yau, ko tsufa ne?"

A bazarar 2003 Shugaba ya kira ni ofishinsa.

"Ranar Lahadi za ki ba yarinyar nan ɗamara," ya ce. "Ki ɗaga ta ki maka ta da ƙasa, ki danne. Ta tashi a ƙirge na biyu, sannan ta gama da ke. Masu talabijin sun ce za su zo."

"Na ji, ranka ya daɗe."

A irin kokawarmu tun kafin a kara ake tsara wadda za ta ci, kuma wadda aka danne har alƙaliya ta buga ƙasa sau uku ita ce aka kayar. Ban ji haushi ba. Gwiwoyina sun riga sun gaji, kuma ita nake so ta karɓa.

Ranar Lahadin da azahar zauren ya ɗau zafi, gumi yana zuba a jikinmu. A minti na goma sha takwas na ɗaga ta sama kamar yadda muka gwada sau ɗari. Hannuna na dama ya zame daga cinyarta. Kanta ne ya fara sauka. Na kwanta a kanta ina jiran ta ɗaga kafaɗa. Alƙaliya ta buga ɗaya, ta buga biyu, ta tsaya da hannu a sama.

"Ke, tashi mana!" na raɗa mata.

"Yaya," ta ce, "ba na jin ƙafafuna."

Alƙaliya ta buga uku. Aka ɗaura mini ɗamara a ƙugu ana fita da Chizuru a kan gadon ɗaukar marasa lafiya.

Ƙashin wuyanta ne ya karye. Wata bakwai bayan haka ƙungiyar ta rufe. Shugaba ya ce in tafi da ɗamarar, ba shi da wurin ajiye ta. Na je asibiti sau biyu, mahaifinta ya tsaya a ƙofa ya sunkuyar da kai cikin ladabi ya ce kada in sake wahalar da kaina. Na samu aiki a masana'antar da ke shirya abincin rana cikin kwali, ina zuba shinkafa tun asuba.

Bayan shekara goma sha shida sai ga kati daga mahaifiyar Chizuru. Mijinta ya rasu, Chizuru kuma ta ce in ina so in zo.

Na naɗe ɗamarar a zane na hau jirgin ƙasa zuwa Tono. An sare itatuwan tuffar duka. Uwar, tsohuwa mai shekara saba'in da takwas da bayanta ya lanƙwashe, ta kai ni ɗaki. Chizuru na kan keken guragu, fuskarta ta kumbura, hannayenta sun ƙanƙance a kan bargo.

"Kai, Yaya Fumie! Wa ya cinye ki ya bar wannan tsohuwar?"

Na durƙusa na kai goshina ƙasa. Duk maganar da na shirya a jirgi ta gudu.

"Tashi, tabarmar ba ta yi miki komai ba," ta ce. "Mene ne a zanen? In ba abin ci ba ne ki koma da shi."

Na kwance na ɗora mata a cinya. Fatar ta tsattsage, ƙarfen ya dushe. Ta daɗe tana kallo.

"Taki ce," na ce. "Tun ranar nan taki ce. Zan sa a zana sunanki."

"Uku aka buga, Yaya. Ina kwance ina ji." Ta juya kai gefe. "Ɗauke mini, tana da nauyi. Ba don wannan na kira ki ba. Inna ba ta iya ɗaga ni yanzu. Masu zuwa yi mini wanka sau ɗaya suke zuwa a mako, ni kuma ina wari. Ke ce mai ƙarfin da na sani."

Uwar ta haɗa ruwan zafi. Na sa hannu ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyinta, ɗaya a bayanta, na ja numfashi. Ta ɗan taso daga keken, sai kafaɗata ta dama ta yi ƙara, gwiwata ta saki. Na mayar da ita da sauri kafin mu zube tare. Na sake gwadawa. A karo na uku ko motsa ta ban yi ba.

Chizuru ta yi dariya har da tari. "Gwarzuwar Hokushin ke nan!" Sai dariyar ta tsaya. "Bari, Yaya. Ɗauko tsumma kawai."

Ni da uwar muka goge mata jiki da tsumma a kan keken, ruwan bahon yana hucewa a bayanmu. 

Na riƙa zuwa duk Lahadi har hunturu ya wuce. Ina goge ta, ina yanke mata farce, tana zagina. Ɗamarar kuwa na ba wani tsohon mai sha'awar kokawa ya rataya a mashayarsa. Da ya rufe wurin, ɗansa ya ce bai san inda kwalayen kayan mashayar suka shiga ba.

A watan Afrilu uwar ta faɗi a ɗakin girki, ba ta sake tashi ba. Wani ɗan uwansu ya sama wa Chizuru gado a gidan kula da naƙasassu can Aomori, tafiyar awa huɗu. Ranar da motar ta zo na riƙe jakarta ina cewa zan riƙa zuwa ko sau ɗaya a wata.

"Kada ki zo," ta ce. "In na gan ki sai in tuna ina da jiki a da. Can ba wanda ya san ni, ya fi mini sauƙi."

Ma'aikata biyu suka tura kekenta cikin motar suka ɗaure shi. Ɗan uwan ya kulle gidan, ya tambaye ni ko ya rage mini hanya zuwa tasha. Na ce ya bari, zan taka.