Zauren Malam Jumare a Talabijin

Malam Jumare na unguwar Kusfa yana da rauni guda: bai iya tambayar baƙo abin da ya kawo shi ba. Da wasu samari suka zo da kyamara suna roƙon aron zaure na yini ɗaya, sai ya ce bismilla, ya sa matarsa Batulu ta dama musu fura, ya tafi ofis abinsa.

Can aka nuna abin a talabijin, cikin wasan 'yan sanda da ɓarayi na ranar Alhamis. Ga zaurensa, ga buzun mahaifinsa, ga wani ƙato zaune a kai yana jan carbi, yana raba wa yaransa kayan sata. Mutanen ƙauye da suka saba ajiye kekunansu a zauren in sun shigo kasuwa suka fara wucewa da su gidan maƙwabci, suna gaishe shi daga nesa. Wannan ne ya fi ci masa rai.

"Wannan ba wasa ba ne, saƙo ne!" in ji shi a majalisa bayan La'asar. "Sufeto sai Turanci, wando a goge. Ɓarawo kuwa rawani da carbi, kuma a cikin ganuwar birni. Gwamnati ce ke gaya wa talaka kada ya ƙara yarda da mai rawani. Me ya sa gidana? Don kakana ya yi alƙalanci!"

"Ai da ka tambaye su, Malam," in ji Adamu tela.

"Mutum ya yi maka sallama, sai ka tsare shi da tambaya kamar ɗan doka?"

"Furar dai ta fito da kyau. Har ƙwaryar gidanku na gane."

Ranar Litinin ya zuba babbar riga ya nufi gidan talabijin ɗin, yana tilawar jawabinsa a mota. Aka nuna masa Abdullahi, saurayin da ya shirya wasan. Yaron ya durƙusa ya gaishe shi, bai tashi ba har Malam ya kai aya.

"Gaya mini gaskiya, wa ya turo ku gidan alƙali?"

"Wallahi, Baba, yau na fara jin zancen alƙali. Kyamararmu ce batirinta ya mutu."

A duk layin, zauren Malam Jumare kaɗai ke da soket ɗin lantarki.